Gargaɗi: wani mai kiran kansa likitan kifi ya kashe min kifi 11, kuɗi kuma sau 3 na tura masa

Jama'a don Allah duk mai kifin ado a gida, na tankin gilashi nake nufi, ya tsaya ya karanta. Ni dai an cuce ni. Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa saboda kunya, sai yau da safe na sake ganin tallarsa da sabon suna, hoto ɗaya kwalba ɗaya, na ce a'a wallahi ba zan yi shiru ba.

Kifi 14 ne a tankina. 11 sun mutu cikin kwana 9. Sau 3 na tura wa mutumin nan kuɗi, sau 3, kwalbar magani 2 ce ta zo hannuna, ta ukun har yau ban gan ta ba.

Kuma kafin wani ya ce ai sakacina ne, shekara 4 ina kiwon kifin nan. Tankina lita 100 ne, duk mako ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ban taɓa zuba ruwan famfo kai tsaye ba sai na sa maganin kulorin, ina da filta ina da hita ina da na'urar iska. A shekara 4 ɗin nan kifin da ya mutar min bai fi biyu ba, su ma tsufa ne. Ni ba sabon shiga ba ne. Cutar ce kawai ban taɓa haɗuwa da ita ba.

Ranar Laraba da daddare na ga fararen ɗigo a jikin moli ɗina (wani irin kifin ado ne), ƙanana kamar an barbaɗa mata gishiri, a wutsiya da fiffike, ga ta tana goga jikinta da duwatsu. A'a Talata ce, don ranar Laraba na riga na tura kuɗin farko. Na ɗauki hoto na tura masa, minti biyu ba a yi ba ya kira ni. Wannan kiran ne nake ta maimaitawa a kaina har yanzu. Murya a natse, ya ce Malam kwantar da hankalinka, suna goga jiki da dutse ko? Na ce e. Suna matse fiffikensu? Na ce e. Suna taruwa kusa da inda iska ke fitowa? Na ce e wallahi. Kafin in faɗa ya riga ni faɗa. To ku gaya min, waye zai ji haka ƙarfe 11 na dare yana kallon kifinsa na wahala ya ce mutumin nan bai san aiki ba? Daga baya na gane duk wanda ya taɓa karanta layi biyar a kan cutar zai iya lissafo waɗannan alamomin, amma a daren nan ni ji na yi Allah ya haɗa ni da mai taimako.

Na manta ban faɗa ba, wurinsa na sayi wasu kifi 2 da ake kira gupi mako guda kafin nan. Shi ne ya ce min kifinsa a tantance suke, in zuba su kawai ba sai na ware su ba. Na zuba. Yanzu in na haɗa lissafi, shi ya sayar min da cutar shi ya sayar min da maganin.

Kwalbar ta zo babu takarda a jikinta, babu sunan abin da ke ciki, ruwa ne shuɗi. Na tambaye shi, wallahi na tambaya, ina da saƙon, na ce menene a ciki? Ya ce haɗinsa ne na musamman, in ya faɗa za a kwaikwaya, yana maganin fararen ɗigo da ruɓewar wutsiya da kumburin ciki da tsutsa duka. Ɗigo 20 safe 20 yamma. Sannan ya ce in kashe filta, in wanke soson da ke cikinta da ruwan famfo tas wai a nan cutar take ɓuya, kuma kar in kuskura in canza ruwa sai bayan mako 2. Zuciyata ta ɗan yi ɗar a nan, don na san ba a wanke soso da ruwan famfo, na sani, amma ya ce wannan lokacin lafiya ne, lokacin cuta dokar daban take. Na bi.

Kwana 3 da farawa fararen ɗigon jikin kifin suka ragu sosai. Na yi murna har na tura masa bidiyo ina godiya, ya ce ka gani ko Malam? yanzu sai kwalba ta biyu mai ƙarfi ta kashe saiwar. Na tura kuɗi karo na biyu hannuna ko rawa bai yi ba. Ku dubi wurin nan da kyau don a nan ya kama ni. Cutar nan sunanta ik, wata ƙaramar halitta ce mai suna Ichthyophthirius multifiliis, tana shiga ƙarƙashin fatar kifi tana ci, lokacin da kake ganin farin ɗigon magani ma ba ya kai gare ta. In ta ƙoshi da kanta take faɗowa ƙasan tanki, ta rufe kanta ta yi ta rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗaruruwa, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan lokacin iyon ne magani yake kashe su. Ma'ana ko ruwan banza na ɗiga ɗigon za su ragu a kwanakin nan. Shi ya san haka. Jira yake su faɗo ya karɓi kuɗi na biyu.

Suka dawo kuwa, ninki. Kifin duk suka hau saman ruwa suna haki, jan naman nan na gefen kai da suke numfashi da shi ya yi ja wur, tankin ya fara wari. Ranar farko 2 suka mutu, washegari 4. Kifina irin wanda ake kira enjel, da ya shekara 3 a hannuna, wanda in na matso yake zuwa gaban gilashi, ɗiyata ce ta fara ganin sa kwance a ƙasa ta zo tana tambaya ko barci yake. Na kira mutumin ya ce dafin ne yake fita, masu rauni dole su tafi, akwai wani na ƙasar waje saura ɗaya a hannunsa in ban yi sauri ba wani zai ɗauka. Na tura na uku. Na san yadda wannan yake a kunnen mai karatu, amma lokacin saura kifi 8 masu rai kuma na riga na zuba kuɗi sau 2, gani nake in na tsaya a nan duk na yi asara. Na tura da azahar, da magariba ya yi bulokin ɗina.

Sai bayan nan na kai ruwan wurin wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya gwada da kayan gwaji a gabana. Amoniya ta hau, naitirait ta hau, sinadarai ne masu guba ga kifi, alhali su biyun sifili ya kamata su kasance. Ya ce ɗana wa ya ce ka wanke soso da ruwan famfo? Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye amoniyar kashin kifi a cikin soson suke zaune, kulorin ya kashe su, filta a kashe, ruwa ba a canzawa, ga cuta ta riga ta kama wurin numfashi. Ya duba kwalaben ya ce ga dukkan alama metilin bulu ne aka tsinka da ruwa, don har ya rina gam ɗin kusurwar tankin, kuma ta farko da ta biyu abu ɗaya ne. Metilin bulu magani ne na gaske amma shi ma yana kashe bakteriyar filta, shi ya sa a wani tanki daban ake sa shi. Ban iya ce masa komai ba.

Kuɗin bai kai kifin zafi a raina ba, duk da kuɗin ma na wata 4 nake tarawa don in sayi babban tanki. Abin da ya fi cin raina cutar nan tana warkewa. Da na canza ruwa, na ƙara iska, na ɗaga hita a hankali zuwa wajen digiri 30 in kifin za su jure, na sa magani mai takarda irin mai malakait girin, na ci gaba da sawa kwanaki bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, da wataƙila enjel ɗina yana nan. 3 ɗin da suka rage da haka suka tashi.

Ku dai kar ku sayi kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Sabon kifi a ware shi mako 2 zuwa 4. A gwada ruwa kafin a zuba komai. Wanda ya ce ka kashe filta ka bar ruwa mako 2 ba canji, kashe wayarka.

Sikirinshot duka suna nan, rasit 3, saƙon muryarsa da yake cewa dafi ne yake fita, hoton kwalba 2 ɗin gefe da gefe. Anjima da daddare zan ɗora su in na rufe lambar asusuna. Duk wanda ya taɓa sayen shuɗin ruwan nan ya yi min magana mu haɗa hujja mu kai ƙara. Kifi 11, kuɗi sau 3. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.