Logitech Z-5500 na gwanjo: yadda ake tayar da shi da abin da kunne zai samu

A 2004 kamfanin Logitech ya fito da Z-5500, saitin lasifika shida na kallon fim a gida: ƙananan lasifika huɗu na gaba da baya, ɗaya ta tsakiya, sai babban akwatin wufa mai inci 10. An daɗe da daina ƙera shi, Z906 ya gaje shi a 2011, amma har yau yana shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai da Amurka, ana cin karo da shi a Alaba ta Legas da shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano. Yawancinsu sun ba shekara goma sha biyar baya, kuma da wuya ka samu wanda ba ya buƙatar hannun mai gyara.

Ƙarfin da kamfanin ya rubuta masa wat 505 ne: wufa 188, ta tsakiya 69, sauran huɗun 62 kowacce. Wannan lissafin RMS ne, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki, ba irin dubban wat na PMPO da ake mannawa a kwalayen wufofin kasuwa ba, waɗanda in ka ɗaga su da hannu ɗaya sai ka ji kamar fanko. Wannan kuwa nauyinsa ma shaida ne, domin taransifoma mai zobe da amfilifayar dukan lasifikan suna cikin akwatin wufar.

Kafin a yi ciniki

Abin da za ka fara dubawa ba sauti ba ne, takardar da ke manne a bayan wufa ce. Idan an rubuta 120V, na Amurka ne, kuma sa shi kai tsaye a wutarmu ta bolt 230 yana nufin fis ya tafi nan take, in an yi rashin sa'a har taransifoma. Na Turai mai 230V shi ne daidai da mu. Mai 120V ma yana aiki, amma sai da taransifomar rage wuta, kuma kada ta gaza VA 1000. Ƙananan nan na cajin aska ba za su ɗauke shi ba. Ka kuma sani an naɗa taransifomarsa ne don wuta mai 60Hz, tamu kuwa 50Hz ce, saboda haka zai ɗan fi ɗaukar zafi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In akwai zaɓi, ɗauki na Turai ko da ya fi tsada.

Na biyu shi ne ɗan akwatin sarrafawa mai allo da babban maballin murɗa sauti. Shi ne ƙwaƙwalwar saitin: a cikinsa ake warware Dolby Digital da DTS, wato tsare-tsaren sautin fim mai layi shida, a jikinsa ramukan shigar da sauti suke, kuma in babu shi wufar ba za ta ko motsa ba. Dillalai sukan haɗa wufar wannan kwantena da akwatin sarrafawar wancan, alhali an yi su zubi-zubi kuma ba kowane ke jituwa da kowane ba. Akwai lambar PID, wadda ke nuna zubin, a jikin kowannensu, amma hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa a gabanka, a kunna, ka ji duka shidan sun yi magana. Filoginsa mai ƙafa 15 ne, ya yi kama da na VGA na kwamfuta, sai dai haɗin cikinsa daban ne. Ƙara masa tsawo da wayar VGA ta kasuwa kan jawo ƙugi ko ma lalata shi. Duba ƙafafun filogin, kada a samu wadda ta lanƙwashe ko ta karye.

Saitin da ba shi da wannan akwati kada ka saye shi da kuɗin cikakke. Ana sayar da wata waya ta tsallake shi, amma da ita ka rasa Dolby da DTS da rimot, amfilifaya kuma tana buɗe a iyakar ƙarfinta, sai abin da ka rage daga na'urar da ke ba ta sauti.

Gwajin lasifika da mita

Cire wayoyin, sa mita a ma'aunin om, ka auna kowace ƙaramar lasifika. Masu om 8 ne, lafiyayyiya za ta nuna tsakanin 6 da 7 ko kusa da haka. In mita ba ta motsa ba, zaren cikin, wato siririyar wayar da aka naɗe a cikin lasifikar, ya tsinke. In ta nuna kusan sifiri, ya ƙone ya haɗe, kuma irin wannan ita ke kashe amfilifaya idan aka sake jona ta. Bayan haka ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa wayoyin biyu: fuskar lasifika ta yi ɗan tsalle gaba idan jar waya na kan ƙarshen batir mai alamar tarawa. In ta ja baya, an juya wayar. Da yatsu biyu ka danna fuskar a hankali daga gefe da gefe. In ka ji tana gogar wani abu kamar yashi, zaren ya kumbura saboda zafi, sai canji. Zagayen bakin wufa kuma a haska shi da tocila a nemi tsagewa ko inda gam ya saki.

Fis da abin da ke cinye shi

Mutuwa ɗungurum ita ce larurar da aka fi kawo Z-5500 da ita, kuma sau da yawa fis ne kawai, wanda yake a bayan wufa kusa da inda wayar wuta ke shiga. Dalilin yawan ƙonewarsa sananne ne: taransifoma mai zobe tana zuƙar wuta mai yawa a daƙiƙar farko ta kunnawa. Shi ya sa fis ɗin da ya dace mai jinkiri ne, wanda lambarsa ta fara da harafin T. In aka sa mai saurin tsinkewa, ko da amfiyarsu ɗaya, ba zai kwana biyu ba. A karanta adadin da aka rubuta a jikin akwatin a sa daidai shi. Naɗa siririyar waya ko takardar sigari a madadin fis, kamar yadda wasu ke yi don a sallami mai kaya, shi ne mayar da gyaran ɗari biyar ya koma na taransifoma.

Idan sabon fis ya sake tashi, kada a ƙara sa wani. A jona ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da wayar wuta, sannan a kunna. In ƙwan ya haska ya dushe, babu gajeren haɗi. In ya tsaya da haske sosai, akwai abin da ya haɗe a ciki, galibi dayod ɗin da ke daidaita wuta ko ɗaya daga cikin ayisin (IC) amfilifaya, ƙananan na'urorin da ke ƙara ƙarfin sauti.

Cikin akwatin wufa

A zare wuta, a kwance sukurorin da ke kewaye da farantin baya, a jawo shi a hankali domin wayoyin wufa da na taransifoma gajeru ne. Manyan kafasito suna riƙe wuta bayan an kashe. A sauke ta da resisto mai om 1000, wat 5, na kamar rabin minti, a tabbatar da mita. Haɗa ƙafafunsu da sukudireba yana tartsatsi yana kuma cin layukan tagulla na allon da aka dasa su a kai.

Ƙura ce za ta fara yi maka maraba, musamman in saitin ya yi hunturu biyu ko uku a nan. A share da burushi mai laushi da abin hura iska. Daga nan a bi kafasito ɗaya bayan ɗaya: wanda kansa ya kumbura, ko ya zubar da ruwa mai launin ƙasa, ko rigarsa ta tattare, ya gama aiki. Alamarsa a kunne ita ce ƙugi mai ci gaba ko da an rage sauti, da wufa mai yin "bum" idan an kunna ko an kashe. A canja da mai adadin maikurofarad ɗaya, bolt ɗaya ko sama, kuma mai jure zafi 105°C maimakon 85°C. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, bambancin kwanansu a ɗaki mai zafi kuwa shekaru ne. A kula da ƙafar tarawa da ta ɗebewa. Kafasiton da aka juya fashewa yake yi.

Sai dalma. Girgizar wufa ta shekaru tana tsattsaga dalmar da ke riƙe da manyan kaya: ƙafafun ayisi, soket mai ƙafa 15, da maƙalan wayoyin lasifika. Tsagewar takan fito kamar siririn zobe kewaye da ƙafa, sai da gilashin ƙara girma ake ganinta sosai. Ita ce ke sa lasifika ɗaya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa idan an bubbuga akwatin. A narkar da tsohuwar a ƙara sabuwa.

Amfilifayar tana aiki da ayisi na dangin TDA7294, manne da babban ƙarfen sanyaya da ke leƙowa ta baya. Don gane wanda ya mutu, a kunna saitin ba tare da lasifika ba, sauti a sifiri, a auna wutar DC a bakin kowace mafita. Ƙasa da milibolt 50 lafiya ne. In ka ga bolt goma-goma, ayisin wannan layin ya tafi, kuma duk lasifikar da aka jona masa za ta bi shi. Wajen canji akwai tarko biyu. Jabun TDA7294 sun cika kasuwa, suna aiki a ƙaramin sauti su fashe da an matsa musu, don haka a saya a wurin da aka yarda da shi. Sannan bayan wannan ayisi yana ɗauke da wutar ɗebewa, don haka duk wata takardar kariya da zoben roba da aka tarar tsakaninsa da ƙarfen sanyaya a mayar da su yadda suke, da sabon man zafi shafe siriri. Da an rufe, a ɗaure sukurori gicciye, a tabbatar farantin ya zauna daram. Ƙaramar kafa a nan tana sa wufa ta riƙa huci kamar mai mura.

Akwatin sarrafawa ba shi da wuyar sha'ani. Hasken allonsa kan dushe ko ya mutu, canjin ƙananan fitilun LED ke magance shi. Maballin sauti in yana tsalle, ka murɗa sama ya yi ƙasa, datti ne. Ɗigon sifirit mai tsabta da murɗawa sau talatin ko arba'in kan wadatar.

Haɗi da talabijin ta yau

Nan shekarunsa ke bayyana. Babu HDMI, babu Bluetooth. Yana da ramin waya mai haske, da na kowaksiyal, da ramuka uku na sauti mai layi shida daga kwamfuta. Yana gane Dolby Digital da DTS, amma bai san Dolby Digital Plus ba, wanda manhajojin fim irin su Netflix ke aikowa. Mafita ita ce a ɗauko sauti daga ramin haske na talabijin, a shiga saitin sautinta a zaɓi Dolby Digital ko Bitstream. In aka bar ta a PCM, layi biyu kawai za su iso, sai wani tsari na akwatin sarrafawa mai suna Pro Logic II ya rarraba su ga lasifika biyar, wanda ba daidai yake da 5.1 na gaske ba, inda kowace lasifika biyar da wufa ke samun layinta daban. Allon akwatin sarrafawa yana rubuta irin sautin da ke shigowa, shi ne alƙali. Talabijin da ba ta da ramin haske sai a nemo ƙaramar na'urar da ke cire sauti daga HDMI.

Wayoyin baya sukan zo a yanke ko a ɓace. Wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5 ta isa har mita goma. A kankare bakinta a gani. In cikin fari ne, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, a bar ta. Na gaba biyu su buɗe kamar digiri 30 hagu da dama daga wurin zama, na baya kamar 110, a ɗan sama da kunne. Maballin gwaji na rimot yana zagaya lasifikan da shuu ɗaya bayan ɗaya, da shi ake daidaita ƙarfinsu.

Yadda yake a kunne

A fim, saitin da aka gyara da kyau yana cika falo mai mita huɗu da biyar ba tare da an kai maballi rabi ba. Rugugin jirgi da tsawa da fashewa suna zuwa da nauyin da ake ji a ƙirji da kujera, abin da dogayen lasifikan nan na ƙarƙashin talabijin ba sa iyawa. Maganar 'yan wasa tana fita tas daga ta tsakiya, musamman in an ƙara mata mataki ɗaya ko biyu.

Waƙa kuwa wani zance ne. Kowace ƙaramar lasifika inci 3 ce tilo, babu ƙaramar mai fitar da siririn sauti, kuma ba ta iya sauka ƙasa sosai. Saboda haka wufa ce ke ɗaukar wani ɓangare na kaurin muryar namiji da na ganga, sai ka ji muryar tana fitowa daga wuri biyu, tsakiyar sautin kuma da ɗan rami. Kalangu da kuntigi da garaya suna fita da kaifi mai kyau, amma murya ba ta da cikar da lasifika biyu na katako masu inci 6 za su ba ta. Wufar ma a yadda take daga masana'anta ta cika baki, tana danne komai. A rage ta zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa, a janye ta daga kusurwa kamar taku biyu, a ajiye ta a gaba kusa da talabijin, nan take sautin ke tattaruwa. A ɗaki mai tayil da siminti tsirara, darduma da labule mai kauri suna yin aikin da babu maballin da zai yi.

In aka jera shi da magajinsa Z906, wanda wufarsa inci 8 ce kuma ba ya zafi sosai, tsohon ya fi zurfin rugugi, sabon ya fi sauƙin zama da ƙarancin cin wuta. Z-5500 yana ɗumi ko da ba ya aiki, muddin makunnin baya na kunne, don haka a bar taƙi ɗaya tsakanin ƙarfen sanyaya da bango, kada a cusa shi cikin kabad. A sa masa sitabilaiza mai VA 1000 ko sama. Idan an ɗauke wuta a zare filoginsa, kada a mayar sai janareta ya daidaita ko wutar da aka dawo da ita ta zauna na minti biyu ko uku.