Igwa biyu masu juyawa ko goma a kafe?

Ranar 9 ga Maris, 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, jiragen ruwa biyu masu sulken ƙarfe suka gwabza a Hampton Roads, wata mashigar teku a gabashin ƙasar, kowanne da irin tasa dabarar ɗora igwa.

Virginia, jirgin 'yan Kudu, igwa goma gare shi, an jera su cikin rumfar ƙarfe, kowacce tana leƙowa ta tagarta. Yawa kam akwai. Sai dai kafin a saita abokin gaba, sau da yawa dole a karkata jirgin ɗungurungum, ga shi da nauyin jiki, juyawa ɗaya sai ta ci kusan rabin awa.

Shi kuwa Monitor na 'yan Arewa, wanda John Ericsson ya tsara, biyu kacal ya ɗauka, masu faɗin baki inci 11, cikin hasumiyar ƙarfe da injin tururi ke juyawa. Kusan duk inda maƙiyi ya ɓullo, bakin igwa ya bi shi. A ganina dabarar nan ta fi, ko da yake ranar an tashi ba kare bin damo.

Raunin Monitor a jiki yake: bai ɗaga sosai daga ruwa ba. A Disambar shekarar guguwa ta nutsar da shi kusa da Cape Hatteras, a gaɓar tekun jihar North Carolina.