Lesin Turanci na WhatsApp da munka yi nan Sakkwato: ra'ayina

Masu tambayata ta inbos batun lesin nan da na sa ƙanena, to ga bayani sau ɗaya kowa shi gani. Malamin nan unguwar Mabera yake, ajin kuma ta WhatsApp ake yi bayan isha'i, ranar Asabar a haɗu ido da ido a duba aikin gida. Yaron JAMB za shi rubuta, kuma kun san Turanci kaɗai tambaya 60 ne cikin 180, ga WAEC da ke son insha'i mai kalma 450, shi ya sa ban yi wasa da abin ba, ni ma na zauna cikin guruf ɗin ina bi.

Inda malamin nan ya burge ni wallahi shi ne wajen su who da which da whose, abin da suke kira rilatif kulos. Bai fara da haddar doka ba, da Hausa ya fara. Ya ce kowa shi rubuta "mutumin da na yi magana da shi" da Turanci, kusan duk ajin sunka rubuto the man that I spoke to him, sai ya nuna musu cewa wanga him ɗin daga Hausa ya biyo su, don mu dole mu ce "da shi" amma Bature ba ya maimaitawa, the man I spoke to ya wadatar. Haka "matar da ɗanta ya ci jarabawa", yara na cewa the woman that her son, alhali whose son ake so. Kuma ya ce mu wanda da wadda muke bambantawa, namiji da mace, su kuma mutum da abin da ba mutum ba suke rabawa, who ga mutum which ga abu. Ƙanena shekara da shekaru ana ja mishi jan biro a wurin nan ba wanda ya taɓa gaya mishi dalili sai yanzu.

Batun waƙafi ma ya yi shi da kyau. Sokoto, which is the seat of the Caliphate, is hot, bayanin tsakiya ƙari ne kawai don Sakkwato ɗaya ce, to dole waƙafi gaba da baya kuma ba a sa that a nan.

Amma gaskiya wajen fatisiful, wato aikatau mai ƙarewa galibi da ing ko ed ko en da ke aikin sifa, nan ya yi gaggawa. Ya dai koyar da bambancin boring da bored, da yadda ake taƙaita the man who is selling onions ta koma the man selling onions, da the car which was stolen ta koma the stolen car, wanga ya zauna. To amma irin jimlar nan ta Walking to the market, the rain started, wadda in ka duba ruwan sama ne ke tafiya kasuwa tunda shi ne ya biyo bayan waƙafi, saƙon murya ɗaya tak ya yi a kai ya wuce, kuma wurin ne yara suka fi faɗuwa cikin insha'i don suna ganin salon manya ne. Sai da na bi shi ta waya ya ce when I was walking za a ce ko a kawo I bayan waƙafin.

Sauran matsala, saƙon muryarshi na da tsawo ƙwarai yana cin data, sannan makin aikin gida kan yi jinkiri in yara sun yi yawa. Kuɗin wata ba su da nauyi in ka gwada da lesin gida.

Na biya na wata mai zuwa, amma na roƙe shi shi ware sati guda cur ga fatisiful kafin jarabawa ta matso, ya ce in sha Allahu. In za ku sa naku ku ma ku yi mishi wagga magana tun ranar rajista.