Sharhi kan na'urar hannu ta gano tsagewar ƙarfe a tsofaffin jiragen dakon kaya

Yawancin jiragen dakon kaya sun fara rayuwarsu ne a matsayin jiragen fasinja, saboda haka lokacin da suka zo hannunmu masu duba lafiyarsu sun riga sun yi tashi da sauka dubbai. Kowane tashi yana kumbura gangar jirgi da matsin iska, kowace sauka tana sakinta, kuma wannan maimaici ne ke gajiyar da ƙarfe har ya fara tsagewa a gefen ramin ƙusa, inda ido ba ya kaiwa. Domin irin wannan aiki ne na shafe watanni ina amfani da na'urar hannu da ake kira edi-karent, wadda ke tura maganaɗisu cikin ƙarfe ta kuma nuna a fuskarta inda yanayinsa ya sauya.

A kan alminiyam, aikinta ya gamsar da ni ƙwarai. Idan aka saita ta da guntun ƙarfen gwaji mai tsagar da aka san zurfinta, sannan aka bi layin ƙusoshi da tsinkenta, wato bakin da ake ɗorawa a jikin ƙarfe, a hankali, ɗigon da ke fuskar yakan zauna shiru, sai ya yi tsalle sama da zarar an ratsa tsaga, ko da fenti ya rufe wurin sumul. Na taɓa tsayawa kan wata ƙusa da na haska da tocila sau uku ban ga komai ba, amma ɗigon ya ƙi kwanciya, kuma da aka cire ƙusar sai ga tsaga siririya kamar gashi. Batirinta yana kai ƙarshen aikin dare.

Inda take da rauni shi ne zurfi. Tsagar da ke can cikin ƙarfe mai kauri tana iya wuce ta, kusa da bakin farantin ƙarfe kuma alamarta takan rikice, kuma ɗan karkata tsinken kaɗai ya isa ya ruɗi wanda hannunsa bai faɗa ba. Littafin bayaninta bai ba wannan matsala muhimmancin da ya kamata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukar mallakarta a matsayin kammala bincike, alhali ba ta ganin komai sai inda aka ɗora ta. Jirgin kaya samfurin Boeing 707 da ya faɗi kusa da Lusaka a watan Mayun 1977 ya rasa fiffiken wutsiyarsa na dama ne saboda tsagar gajiya da ba a gano ba, jirgin kaya na kamfanin El Al kuwa da ya faɗa kan gidaje a Amsterdam ranar 4 ga Oktoba, 1992, injinansa biyu ne suka ɓalle bayan sandar da ke riƙe ɗayansu ta gaji, mutum 43 suka rasu. Ina ba da shawarar sayenta ga ma'aikatar da ke da ƙwararren mai dubawa da kuma jadawalin da ya fayyace gaɓoɓin da za a bi, musamman maƙalan injina da ƙashin fiffike.