.odt ko .docx: wanne ne na duniya?

Malam, kan tambayarka ta jiya. Ka ce ɗanka ya sa LibreOffice, manhajar rubuta takardu irin Word, a kwamfutar makarantar Islamiyya, takardu suna fita da .odt, shi kuma mai shagon buga takardu a Nima ya ce sai ka kawo .docx, wai shi ne na duniya.

Duk biyun na duniya ne, kuma daga nan rigimar ta taso. ISO, hukumar tsara ƙa'idojin kayayyaki ta duniya, ta buga wa kowanne hatimi. Kamar ka shiga kasuwar Nima ka tarar da olonka, wato gwangwanin awo, iri biyu, kowace an ce ita ce ta hukuma.

.odt ɗan gidan ODF ne, wato wani tsarin ajiye takardu a kwamfuta. Ya samo asali daga manhajar OpenOffice ta kamfanin Sun, ƙungiyar tsara ƙa'idojin kwamfuta ta OASIS ta tsara shi a 2005, ISO ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300. Shi kuwa .docx na tsarin OOXML ne, na Microsoft, kuma shigarsa ISO sai da aka kai ruwa rana. A ƙuri'ar Satumba 2007 bai samu rinjayen da ake nema ba. Aka zauna a Janiba a Fabrairu 2008, kwana biyar kacal, a kan gyare-gyare sama da 1,000. A Afrilu ya wuce da lamba 29500. Afirka ta Kudu, Brazil, Indiya da Venezuela suka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita.

Me ya tayar wa mutane hankali? Littafin ƙa'idar ODF na farko bai kai shafi 1,000 ba, na OOXML ya haura 6,000, kuma an ɗura masa tsofaffin ɗabi'un Word da Excel. Ga misali ɗaya da ke ba ni dariya: Excel yana lissafa ranar 29 ga Fabrairu 1900, alhali ba a taɓa yin wannan ranar ba. Kuskure ne da ya gada daga tsohuwar manhajar lissafi Lotus 1-2-3, aka bar shi don kada tsofaffin takardu su lalace. Daga baya ma aka raba OOXML gida biyu, mai tsauri da na wucin gadi, kuma na wucin gadin ne Word yake ajiyewa idan ba ka canza ba. Duk mai son ƙera wata manhaja dole ya bi sawun Microsoft, ba littafin kawai ba.

Kada kuma a ɗauki ODF waliyyi. Na farkonsa bai fayyace yadda ake rubuta ƙa'idojin lissafi a cikin tebur ba, sai da na 1.2 ya fito a 2011.

A aikace, Word yana buɗe .odt tun 2009, LibreOffice ma yana ajiye .docx. Amma kowanne baƙo ne a gidan ɗan'uwansa. Na taɓa kai jadawalin jarrabawa mai Larabci da Hausa gefe da gefe wani shago, layuka suka goce, shafi ɗaya ya koma biyu, na biya kuɗin biyun.

In ni ne, abin da za a buga kawai sai in mai da shi PDF, babu abin da zai motsa. Abin da wani malami zai gyara a Word, in tura masa .docx. Rajistar ɗalibai da ake son buɗewa bayan shekara 20 kuwa, ODF zan bar ta, domin ba ta rataye a wuyan kamfani ɗaya ba. Gwamnatin Birtaniya ma shi ta zaɓa a 2014 don takardun da ake musaya ana gyarawa.

Idan kuma ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna, wannan ba laifin .odt ba ne. Salon haruffan da ka zaɓa ne ba ya cikin kwamfutar shagon, ko kuma ba shi da su tun asali. PDF yana tafiya da haruffansa, shi ma ya magance wannan.