Kwana biyar kafin a sa zare: yadda aka rufe raunin karyar gidanmu

Babur ne ya kwashe karyar gidanmu da dare ya ja ta a kan kwalta, ya saɓule mata fatar cinya daga sama har kusa da gwiwa. Sai da gari ya waye muka same ta a raɓe ƙarƙashin mota. Raunin ya sha ƙasa da tsakuwa, faɗinsa ya fi tafin hannuna. Na kai ta asibitin dabbobi ina zaton za a ɗinke a ba mu magani mu koma gida.

Likita ya duba ya ce ba zai sa zare ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Likita, haka za a bar nama a buɗe?" Ya ce, "Malam, raunin da ya wuce awa 6 zuwa 8 cikin datti, in ka rufe shi ƙwayoyin cuta ka kulle a ciki. Jibi za ka dawo mini da mugunya." Ya ƙara da cewa fatar da aka murje ba ta nuna iyakar inda ta mutu a ranar farko, sai ta kwana biyu.

Haka muka yi ta sintiri kwana biyar. Kullum sai a yi mata allurar da za ta kwantar da ita, a wanke wurin da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, a yanke mataccen nama, a sake bandeji. A rana ta biyar ya kira ni kusa ya buɗe. Wurin da na bari toka-toka yana wari ya koma ja wur, da ƙananan gudaje, yana sheƙi. Ya ce wannan sabon naman shi yake jira, don shi ke karɓar fata.

Aikin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan sharhi. Fatar kare a gangar jiki sakwaf take, kana iya kama ta ka ɗaga, amma a ƙafa a ɗame take. Da an jawo bakin raunin da ƙarfi an haɗa, zaren zai tsaga fatar. Sai ya yanko dogon zirin fata daga cikinta, ta layin nonuwa, bai raba shi da gindinsa ba saboda jijiyar jinin da ke ciyar da shi tana shigowa ne ta wajen matsematsi. Ya juyo shi ya lulluɓe cinyar. Ya bayyana mini cewa fatar da aka ciro gaba ɗaya aka dasa sai ta jira sabbin jijiyoyi su shige ta, kuma motsi kaɗan na iya hana ta kamawa, amma wannan da jininta ta zo. Ciki ya ɗinke da zaren da ke narkewa, waje da na nailan, ya bar siririyar roba tana tsiyayar da ruwa, aka cire ta a kwana na uku.

Hannunsa ba ni da abin cewa a kai. Inda suka gaza shi ne sallama. Takardar magani kawai aka miƙo mini. Mazurarin robar da aka sa mata a wuya ya yi gajarta, harshenta yana kai wa ga ɗinkin, har ta tsinke zare biyu kafin in lura. Babu wanda ya ce mini ƙarshen zirin, inda jini ya fi wuyar isa, yakan mutu. Daren kwana na huɗu na haska da fitila na ga wajen faɗin yatsa biyu ya yi baƙi ya sandare. Na kira lambarsu sau bakwai ba a ɗaga ba, ban runtsa ba ina ganin duk aikin ya lalace. Washegari likita ya ce hakan na faruwa, ya datse wurin, ya bar shi ya cike da kansa cikin mako uku. Bayanin minti biyu ya isa ya raba ni da wannan fargaba, kuma har yanzu ina ganin haƙƙina ne da aka tauye.

An cire zare a kwana na 14. Yau wata huɗu ke nan, tana gudu ba ɗingishi. Gashin wurin ba shi da yawa, ya kuma kwanta ta wata fuska daban, ga kan nono uku jere a cinyarta. Likita ya ce suna nan da aikinsu, in ta haihu za su kawo ruwa a can, don haka ya ba da shawarar a cire mata mahaifa. Na amince, kuma wurinsa zan mayar da ita, amma wannan karon ba zan fita ba sai an rubuta mini abin da zan sa wa ido a gida da lambar da ake ɗagawa da dare.