Sharhi kan tsohuwar Sega Mega Drive da na samo a shagon kayan hannu a Katsina

Watanni uku ke nan da na sayi na'urar wasan Sega Mega Drive a wani shagon tsofaffin kayan lantarki a cikin birnin Katsina, kuma sai yanzu da na ga kamun ludayinta nake jin ya dace in faɗi abin da na gani, domin masu neman irinta su san inda za su sa ƙafa. Kamfanin Sega ya fitar da ita a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta isa Turai a 1990, kuma ita ce muka taso muna bugawa a gidajen gem na unguwa kafin PlayStation ta zo ta ture ta. Ta asali irin ta wancan zamani ba a ƙera ta yanzu, don haka mai so sai dai ya nema a hannu.

Neman ya ci mini kusan wata biyu, daga shagunan da ke wajen Ƙofar Ƙaura har rumfunan masu gyaran rediyo na cikin gari. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, tana nan birjik, amma da zarar ka ce Sega sai a miƙo maka duk wata na'ura mai cin kaset. Sau uku ana nuna mini jabu. Da ka ɗaga ta za ka ji ba nauyi, kamar fankon ashana, kaset ɗinta ruwan ɗorawa ne, an rubuta masa wasanni 9999 alhali ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Waɗannan kwaikwayon Famicom ne, na'urar da Nintendo ya fitar a 1983, aka sa musu rigar Sega, kuma kaset ɗin Sega na gaskiya ba ya shiga bakinsu. Ban ɗauka duk masu sayarwar ha'inci suke nufi ba, yawancinsu su ma ba su san bambancin ba.

Wadda na saya na tarar da ita ne a shagon wani dattijo mai gyara, a ƙarƙashin tarin tsofaffin bidiyo, ƙurar hunturu ta rufe ta har sai da na goge da gefen hannun rigata kafin rubutun 16-BIT mai ruwan zinare ya bayyana. Samfurin farko ce ta Turai, mai ramin abin sauraro na kunne a gaba da ɗan maɓallin ƙara murya da ake turawa sama da ƙasa. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri a haɗa mini ita in gani kafin mu yi ciniki." Ya ce, "Ai Malam, ko ba ka roƙa ba sai na haɗa, ba na sayar wa mutum abin da ban ga ya tashi ba." Ya tayar da janareto, ya jona ta da wata tsohuwar talabijin, ya goge haƙoran kaset ɗin wasan Sonic na 1991 da auduga da sifirit, kuma ya gargaɗe ni da in daina hura wa kaset iska da baki kamar yadda muka saba tun muna yara, domin danshin numfashi ne ke sa haƙoran tsatsa. A karo na biyu hoto ya fito. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, ya haɗa mini da hannun buga wasa ɗaya da kaset uku. Wannan gwaji da ya yi mini a kan man janaretonsa ya fi mini ragin da na samu daraja.

A gida na'urar ba ta ba ni kunya ba. Tana tashi nan take, ba jiran lodi, ba neman intanet, kuma na sha barin ta a kunne awa uku a zafin Katsina ba tare da ta tsaya ba, ko da yake bayanta yana ɗaukar ɗumi. Abin da ya fi burge ni shi ne sautinta, wanda ke fitowa daga ƙwayar haɗa sauti da ke cikinta mai suna Yamaha YM2612. Ta wayar baya sautin layi ɗaya ne, amma idan ka ja waya daga ramin gaba zuwa lasifika sai ya rabu dama da hagu, ganguna su yi kauri irin wanda ban taɓa ji ba a gidan gem, kuma ban ji shi a manhajojin waya masu kwaikwayon wasannin ba. Saboda wannan kaɗai nake ba da shawarar a nemi samfurin farko, domin na biyu ba shi da wannan rami.

Akwai abubuwan da suka ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye su ba. Robar da ke ƙarƙashin maɓallin B ta mutu, sai da na buɗe hannun na wanke ta kafin ta riƙa amsawa, har yau kuma sai an danna da ƙarfi. A talabijin ta zamani mai faɗi hoton yana dishi-dishi, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawa da motsi, abin da ya tilasta mini sayen tsohuwar talabijin mai ƙusumbi. Sannan da yake ta Turai ce, tana tafiya a kan tsarin PAL mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa maimakon 60 na Amurka da Japan, don haka wasanni da yawa, har da Sonic, sun ɗan fi tafiya a hankali, ga kuma fili a sama da ƙasan hoto. Amfaninta shi ne adaftarta ta dace da wutarmu. Wanda ya ci karo da Genesis ta Amurka ya kula matuƙa, domin adaftarta ta wuta 120 ce, tamu kuwa 230, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone. Haka kuma adaftar samfurin farko da ta na biyu ba sa musaya, domin bakinsu da tsarin wayarsu sun bambanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin da dattijon ya ba ni, cewa a bara ya haɗa wasu guda biyu da tarkacen shago ya auna wa 'yan jari bola, saboda shekaru sun shuɗe ba wanda ya tambaya. Na'urar da ta haura shekara talatin tana aiki ta ƙare a kan sikeli, an farfasa ta don ɗan jan ƙarfen da ke ciki. Na roƙe shi da ya ajiye mini duk wadda ta sake shigowa ko da ba ta tashi, ya kuma yi alkawarin zai sanar da abokan sana'arsa. Yanzu abin da nake nema shi ne hannu mai maɓalli shida, wanda Sega ya fitar a 1993 saboda wasannin faɗa, kuma ranar Asabar zan leƙa Daura, inda aka ce mini wani mai gyara yana da buhu guda na tsofaffin kaset.